Kyanwar Inna a Kan Dutsen Hada

Mahaifiyata da mijina sun yi shekaru a gida ɗaya ba su taɓa haɗa ido ba. Ba faɗa ba ne, kunya ce irin ta surukai, wadda Inna ta ɗauko tun daga ƙauyenmu na ƙasar Kano ta kawo ta har Makka ba ta zubar da ko ɗigo a hanya ba. In ya shigo sai ta ja mayafi ta juya fuska bango. In zai ci abinci sai ya ɗauki kwanonsa ya hau soro. Gidan kuwa ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida a wani lungu na unguwar Mansur, wanda in mutum ya yi atishawa a wannan ɗaki na wancan ɗakin ne zai yi masa addu'a. A haka suka riƙe kunyarsu, ni ina kallo haushi yana cina.

Abin da ya cece su kyanwa ce. Inna ta tsinto ta a bayan rumfar mai tsire tana 'yar mitsitsiya, ido ɗaya a manne, ta raine ta da ragowar koko. Ba a sa mata suna ba, Bissa kawai muke ce mata, yadda mutanen Makka ke kiran kowace mage. Ni ba na ƙaunarta, ba zan ɓoye ba. Ɓarauniya ce, kuma ba ta da wurin kwana sai kan wankin da na ninke. Amma ita ce 'yar aiken gidanmu. Inna za ta ɗora ta a cinya, ta ɗaga murya ta ce, "Bissa, ki faɗa wa masu gida randa ta ƙafe, ko mai ruwa fushi yake da mu?" Daga tsakar gida sai ka ji maigidana ya ce, "Bissa, ki ce wa Hajiya an aika masa, yanzu zai kawo moya." Ni da aka haifa aka aurar ina zaune a tsakiya, ba mai aikena.

Akwai 'yar ƙararrawa a wuyanta, Inna ce ta ɗaura mata. A cikin Harami ba a farauta, tattabarun Makka kuma sun san da haka, shi ya sa suke sauka a tsakar gidan mutum su yi ta yanga a gaban mage. Inna ta ce ba za a ci amanar Harami da bakin da ke cin tuwonta ba. Duk sanda Bissa ta lallaɓa za ta yi tsalle sai ƙararrawa ta tona mata asiri, tattabaru su tashi, ita kuma ta zauna tana lasar ƙafa kamar da ma ba wurinsu ta nufa ba.

Shekarar da nake ba da labarinta, ba a daɗe da buɗe sabuwar hanyar da ta hau dutse zuwa Ɗa'ifa ba. Zafi ya zo da wuri kuma ya zo da mugunta. Wutar lantarki ba ta iso lungunmu ba, balle a yi zancen fanka. Bango yana shan rana tun safe, in ta faɗi sai ya dawo maka da ita har cikin shimfiɗa. Inna, wadda ta yi shekaru tana soya ƙosai da gyaɗa a bakin titi ba ta taɓa cewa wash ba, ta kwanta. Tari ya kama ta, ƙirji ya ɗaure, ta daina cin abinci. Likitan da muka kai ta wurinsa, wani Bamisire mai saurin magana, ya ba da magani amma ya ce mini ba zai yi aiki ba muddin tana shaƙar wannan wuta. Ya ce a hau da ita Ɗa'ifa har zafi ya karye.

Masu hali su ne ke kama gida a Ɗa'ifa su yi bazara. Mu ba mu da wannan halin, amma maigidana direba ne, yana da wata tsohuwar mota koriya mai rufaffen baya, wadda yake ɗauko inabi da rumman da ita daga gonakin can zuwa kasuwar kayan lambu. Ya ce mini gida ai ga shi nan da ƙafa huɗu. Ya san wani wuri a Hada, can ƙolin dutse kafin a shiga Ɗa'ifa, kusa da gonar wani dattijo da yake sayen kaya a hannunsa. Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna a lokacin, don haka mu uku ne kawai.

Inna ta ce abadan. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi masifa, kuma masifata ba ƙarama ba ce, duk ta juya mini baya. Na san dalili. Lokacin da suka baro gida da ƙafa ni ina goye, mahaifina ya rasu a ƙasar Sudan, tsakanin wani gari da wani gari. Abokan tafiya suka binne shi a gefen hanya, ayari ya tashi washegari, har yau ba wanda zai iya nuna wurin. Inna ta ƙarasa ita kaɗai da ni, ta tsallaka bahar, ta shigo Makka ta zauna. Burinta ɗaya ne a duniya: ta cika a cikin Harami, a yi mata salla a gaban Ɗakin Allah, a binne ta a ƙasar Makka. Tun shigowarta, ban da zuwa Arafa lokacin aikin hajji, ba ta taɓa wuce fararen ginshiƙan nan da ke nuna iyakar Harami ba. Ta ce yanzu da ta ga mutuwa a bakin ƙofa ne za mu ɗauke ta mu fitar da ita?

Maigidana ne ya warware, shi ma ta bakin kyanwa. Ya tsuguna a bayan labule ya ce, "Bissa, ki ce wa Hajiya na ɗau alkawari. Motar ba za ta motsa daga inda take ba, tankinta cike, gabanta yana kallon Makka. Ni ma ba zan yi nisan da ba za a kira ni in ji ba. Ran da jiki ya ƙi, kafin ta ce a sauka mun sauka."

Can Inna ta ce, "Bissa, ki tambaye shi, ya san abin da ake ce wa alkawari?"

"Ala aini wa rasi, na ɗauka bisa idona da kaina, ki ce mata na sani."

Na fahimci abin da ya ɗauka wa kansa ko da ita ba ta fahimta ba. Bazara ita ce lokacin inabi, lokacin da direba irinsa ke samun abin da zai ci shekara. Ya ajiye motar ke nan, ya ajiye kasuwarsa da ita.

Muka shimfiɗa katifa a bayan mota, muka zuba tukwane da risho da garin masara da bargo, aka rataya labule tsakanin wurin direba da baya. Da muka wuce fararen ginshiƙan, Inna ta rufe ido tana hawaye, ta ƙanƙame Bissa har sai da ta yi ƙara. Daga nan hanya ta fara hawa, kwana bayan kwana, motar tana nishi, ni ina riƙe da ƙofa ina karanta duk abin da na haddace. A wani wuri ruwan mota ya tafasa muka tsaya ya huce. Amma tun kafin mu kai sama na ji wata iska ta shigo ta taga, mai sanyi, da ƙamshin itace a cikinta. Inna ta buɗe ido ta ja numfashi ɗaya mai tsawo wanda ban ji ta ja irinsa ba tun farkon ciwon.

Ya ajiye motar yadda ya yi alkawari, gabanta ya nufi gangare, da dutse a ƙarƙashin kowace taya. Matsalar ita ce ƙofar baya, inda Inna ke kwance, sai ta zama tana kallon wani baƙin bangon dutse. Duk kyan wurin yana can gaba: bakin tsauni, itatuwan ar'ar, da kwarin da ya buɗe ƙasa har iya ganin ido. Na ce a ɗan karkata motar ta riƙa gani. Ta ce ba yawon buɗe ido ta zo ba, a bar ta yadda take.

Ranar farko ta kwance wa Bissa ƙararrawa. Ta ce, "To, nan ba Harami ba ne. Je ki, abin da kika kama halalinki ne." Na yi dariya har da riƙe ciki da ganin farautar kyanwar nan. Ta girma ba ta taɓa kama ko fara ba. Ta bi ƙadangare ya shige rami ya bar ta, ta yi tsalle kan wani tsuntsu ta faɗa cikin ƙaya, ta dawo ta haye katifa tana hararar kowa. Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, kuma wannan ce dariyarta ta farko.

Zaman nan, in na tuna shi, ba abin da nake cewa sai alhamdu lillahi. Ina girki a kan risho a tsakanin duwatsu don iska. Da hantsi gajimare yakan taso daga kwari ya shigo cikin itatuwa, ya wuce ta kanmu ya bar mana laima a mayafi. A tsakiyar bazara muna lulluɓa da bargo, abin da in na faɗa wa maƙwabta a Mansur suke cewa ƙarya nake. Maigidana ya kama aiki a gonar dattijon nan, yana tsinkar inabi da gyaran kwatar ruwa, a inda in na ɗaga murya zai ji. Dattijon ya ba mu izinin rijiyarsa, matarsa tana aiko mana da nono da ɓaure ba ta san ko sunanmu ba. Akwai barshumi, 'ya'yan wata shuka mai ƙaya da ke cike da wurin, ina fere wa Inna bawonsa tana sha. Daga barshumi ta koma koko, daga koko ta nemi tuwo. Gwaggon birai ne kawai abokan gabana. Sukan zauna a kan dutse su zuba mini ido, in na juya baya su ɗauke albasa, ni kuma in bi su da zagi da Hausa da Larabci.

Maigidana a ƙarƙashin wata itaciya yake kwana, can yake cin abinci, kowace safiya kuma sai ya tayar da motar ya saurari ƙararta ya kashe. Inna tana jin wannan ƙarar sai ta gyara kwanciya. Aike bai tsaya ba. "Bissa, ki ce wa masu gida sanyin nan ba na wasa ba ne, ga bargo guda ba mai amfani da shi." "Bissa, ki ce an gode, amma Hajiya ta fi bukata." Bissa kuwa ta fara sabawa da daji, tana yin nisa, wani lokaci tun safe sai azahar.

Wata safiya na taɓa jikin Inna na ji shi kamar garwashi. Numfashi yana fita da ƙyar, leɓɓanta sun bushe, idanunta sun faɗa. Na fita na ƙwala kira. Ya zo a guje da wuƙar tsinkar inabi a hannu, ya leƙa sau ɗaya, ya cire duwatsun tayoyi ya shiga ya tayar da mota. Na watsa tukwane ciki, na hau zan ja ƙofa. Sai na ga hannun Inna yana lalube a kan katifa.

"Ina Bissa?"

Na ce ta fita tun asuba. Na kira, na buga kwanon da take ci, shiru. Da da ƙararrawa a wuyanta da mun ji inda take, amma ƙararrawar tana ɗaure a gefen zanen Inna. Na ce, "Inna, kyanwa ce fa! Mu sauka, gobe ya dawo ya nemo ta." Raina ya ɓaci matuƙa, tsoro ne ya koma mini fushi. Ta ƙi ko kallona.

Mota tana ta ƙara, shi yana riƙe da sitiyari yana jiran a ce masa tafi. Ba 'yar aike, ba wanda zai kai magana. Sai Inna ta miƙa hannu ta kama labulen ta yaye shi da kanta.

"Kashe motar, ɗan nan."

Ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye ba. Shi ma ya daskare, bai juyo ba, ya ce, "Hajiya, na yi alkawari."

"Ni aka yi wa, ni na sauke maka. Kashe ta, ka je ka nemo mini ita."

"In na tafi ba mai tuƙi, ya ummi."

"Na sani."

Ya kashe. Ya ɗan zauna kansa a sunkuye, sannan ya fita ya nufi bakin tsauni yana kiran sunan kyanwar. Muka rage mu biyu a cikin motar da ba wanda ya iya tayar da ita a cikinmu, Harami yana can ƙasa. Na jiƙa tsumma ina goga mata a goshi, ina kuka ina yi mata faɗa. Na ce duk shekarun nan da kika yi kina tsare kanki, yau za ki zubar saboda ɓarauniyar mage?

Ta bari sai da na gama. Sannan ta yi magana a hankali, tana tsayawa tana jan numfashi. Ta ce ran da aka binne mahaifina ta so ta kwana biyu a wurin, ko ta tara duwatsu ta yi alama. Aka ce ayari zai tashi, in ta tsaya ta tsaya ita kaɗai. Ta goya ni ta bi su, tana waiwaye har wurin ya ɓace. Ta ce, "Na bar mutum ɗaya a hanya don in isa Makka. Ba zan ƙara barin wani abu mai rai da ya dogara da ni ba. In a nan Allah ya rubuta, to ubanki ma ba a Harami yake ba, kuma ban fi shi ba."

Na riƙe hannunta muka yi ta jira. Azahar ta wuce, na yi salla a gefen mota ina jin numfashinta daga inda nake. Gajimare ya taso ya rufe komai, ko itaciyar da ke kusa ba na gani, sai tsoro na biyu ya kama ni, na kada shi ma ya zame a bakin tsaunin nan.

Bayan la'asar ya ɓullo daga cikin farin gajimaren, rigarsa a yage, ya ƙunso wani abu a cikin rawaninsa. Bissa ce, birai ne suka koro ta ta faɗa wani tsagi a cikin dutse, a ƙarƙashin kurmin barshumi, ta kasa fitowa. Sai da ya kwanta rub da ciki ya zura hannu ta cikin ƙayar ya jawo ta. Ya ajiye ta a bakin ƙofa zai ja da baya yadda ya saba. Bissa ta haye katifa ta shige ƙarƙashin hammatar Inna tana karkarwa.

Inna ta dubi hannuwansa. Daga yatsu har gwiwar hannu ƙananan ƙayoyi ne kamar an barbaɗa, ga yakushin kyanwar a kai. Ta ce mini in ba ta allura. Na ce ta bari in cire masa, ita ba ta da ƙarfi. Ta ce, "Ni zan cire." Ta ce da shi, "Matso, kawo hannun." Ya zauna a bakin motar ya miƙa, fuskarsa a juye gefe, hawaye yana bin gemunsa. Ta riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, da zazzaɓinta da komai, har haske ya ƙare mata na karɓa.

Zazzaɓin bai sauka ranar ba, amma washegari ta wayi gari da gumi, ta nemi koko. Da safe ya zo zai tayar da mota kamar kullum. Labule ya koma wurinsa, Bissa tana cinyarta da ƙararrawa a wuya, don Inna ta ce halal ɗin ya isa haka. Na ɗauka komai ya koma yadda yake. Sai na ji ta ɗaga murya ta ce, "Bissa, ki ce wa ɗana ya juya motar nan. Na gaji da kallon bango."

Ya juya ta. Na buɗe ƙofofin baya duka biyu, na sa mata matashi ta jingina. Gajimare bai taso ba tukuna, kwarin yana buɗe tas, duwatsu suna bin juna suna raguwa har suka kai wani fili mai ruwan ƙasa can ƙarshen gani. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta nuna da haɓa ta tambaya ko can ne Makka. Ya ce daga bayan duwatsun can ne, Hajiya. Ta ce, "Ashe ba ta yi nisa ba."

Mun zauna har zafi ya karye, motar tana kallon bango, Inna tana kallon kwari. Shi ya koma kai kaya kasuwa a ƙarshen kakar inabi, ita da kanta ta kore shi, sai ya sauke mu da katifa a ƙarƙashin itaciya ya tafi ya dawo. Ta rayu shekaru bayan haka, ta goyi 'ya'yana biyu, ta binne Bissa da hannunta a bayan gida. Ta cika a ɗakinta na Mansur, aka yi mata salla a gaban Ɗaki yadda ta so. Mijina ne ya shiga kabarin ya karɓe ta, da hannuwan da ta cire wa ƙaya.